Cicely Williams, likitar da ta raba ƙiba da kumburi a Akra

 Akwai wata kalma da aka ɗauko daga bakin mutanen Akra aka sa ta cikin littattafan likitanci na duniya. Ana rubuta ta kwashiorkor, mu nan Nima da Maamobi mukan ce kwashoko. Ɗalibin likitanci a Alƙahira ko Landan ko Zariya dole ya san ta kafin ya ci jarrabawa. A wajenmu kuwa har zagi ta zama, don tun muna yara in aka ga yaro mai tulun ciki da ƙananan ƙafafu, sunan da ake tsokanarsa da shi ke nan. Amma kaɗan ne cikinmu suka san matar da ta fitar da kalmar daga Akra ta kai ta duniya. Sunanta Dakta Cicely Williams.

Na zaɓi in kawo tarihinta ne saboda maganar sikeli. Yau ko'ina awo ake yi. Uwa ta kai jariri awo, ɗalibi ya samu shiga jami'a a auna tsawonsa da nauyinsa, budurwa ta hau sikeli a kemis ta sauko ranta a ɓace. Wannan likita ta shafe rayuwarta tana koya wa mutane cewa lambar da sikeli ya bayar tana buƙatar a bi ta da tambaya, domin jiki kan yi nauyi da lafiya, kuma yakan yi nauyi da cuta.

Daga Jamaika zuwa Akra

An haifi Cicely Delphine Williams ranar 2 ga Disamba, 1893, a Kew Park, yankin Westmoreland na tsibirin Jamaika. Iyayenta Turawa ne da suka daɗe da zama a tsibirin, mahaifinta kuma shi ne daraktan ilimi na Jamaika. Tana da shekara 13 aka tura ta makarantar 'yan mata a garin Bath na Ingila. Ta samu gurbi a kwalejin Somerville ta jami'ar Oxford, amma halin da gida ya shiga ya sa ta koma Jamaika ta jinkirta karatun. Sai bayan rasuwar mahaifinta a 1916 ta koma Ingila.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kwashe samari zuwa fagen daga, shi ya sa aka buɗe wa mata ƙofar karatun likita. Ta shiga ta wannan ƙofa. Tana cikin rukunin matan farko da Oxford ta ba digiri a 1920, ta kuma kammala horon likita a asibitin King's College na Landan a 1923. To amma fa da yaƙi ya ƙare maza suka dawo, aiki ya yi wa likitoci mata wuya. Ta yi shekara biyu a asibitin yara na unguwar Hackney, unguwar talakawa a Landan, sannan ta yi aiki cikin 'yan gudun hijira a Salonika ta ƙasar Girka. Daga nan ta yi kwas ɗin cututtukan ƙasashe masu zafi a Landan, ta shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka. A 1929 aka turo ta nan ƙasar, lokacin ana kiranta Gold Coast.

Ta yi aiki a garuruwa kamar Koforidua da Kumasi, amma inda sunanta ya kafu shi ne asibitin yara na Princess Marie Louise, wanda aka buɗe a 1926 a tsakiyar Akra, ba nisa da kasuwar Makola. Har yau yana nan yana aiki. A lokacin Nima ma tana farkon kafuwa ne, kakanninmu suna Tudu da Zongo Lane da Sabon Zango.

Yaran da ake kawowa a makare

A wannan asibiti ta lura da wata cuta da ba ta gani a littattafan da ta karanta ba. Yaran da take kamawa yawanci 'yan shekara ɗaya zuwa huɗu ne. Ƙafafu da hannaye su kumbura, fata ta yi duhu ta riƙa saɓulewa, baki ya yi gyambo, gashi ya yi laushi ya koma ja-ja, ga gudawa, ga yawan kuka da ƙin abinci. Da yawa sai an makara ake kawo su, kuma akasarin waɗanda aka kawo a makare ba sa tashi. Ta riƙa binciken gawar waɗanda suka rasu, a zamanin da babu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin na yau, ƙaramin yanka a yatsa kan iya kashe likita. Abin da ta riƙa tararwa shi ne hanta cike da kitse.

Ga inda sikeli ke yaudara. Yaron da yunwa ta ƙanjame, kowa ya gan shi ya san ba lafiya. Shi kuwa mai kwashoko ruwa ne ke taruwa a jikinsa. Kumatu su cika, ƙafa ta yi ɓul-ɓul, in aka ɗora shi a sikeli ruwan nan ya ƙara masa nauyi. Uwa na iya ganin ɗanta ya murmure, alhali naman jikinsa narkewa yake yi a ƙarƙashin kumburin. Har ma in magani ya fara kama shi, nauyinsa kan fara raguwa ne tukuna, saboda ruwan na fita.

Abin da ya bambanta ta da sauran likitocin Turawa na lokacin shi ne tambaya. Ta riƙa zama da iyaye mata da kakanni da nas-nas 'yan ƙasa tana tambayar me yaron ke ci, yaushe aka cire shi daga nono, wa ke ba shi abinci in uwa ta tafi kasuwa. Amsar kusan iri ɗaya ce kullum: an yaye shi da wuri, an bar shi da kokon masara da kenke, wato dokunu, ba kifi, ba ƙwai, ba madara. Ta kuma bar iyaye mata su kwana da 'ya'yansu a ɗakin jinya su ci gaba da shayarwa, abin da asibitocin Turai ma ba su yarda da shi ba a lokacin.

Ta fara bayyana cutar a rahoton lafiya na gwamnati na 1931 zuwa 1932. A 1933 ta buga cikakken bayani a wata mujallar likitocin yara ta Ingila, inda ta danganta cutar da abincin masara zalla, ta kuma nuna cewa mai yiwuwa ƙarancin furotin ne, wato sinadarin gina jiki. A 1935 ta sake rubutu a mujallar Lancet, wannan karon da sunan da ta ji a bakin mutanen Ga. Ma'anarsa ita ce ciwon da yaro ke yi in aka yi masa ƙane ko ƙanwa aka ture shi daga nono.

Duk Bahaushen da ya ji wannan fassara ya san zancen. Ai abin da iyayenmu ke kira kwanika ke nan, mace ta samu ciki tana goyo, a cire na hannu daga nono ba shiri. Shi ya sa tsofaffinmu ke faɗa a kan tazara tsakanin haihuwa, kuma Alƙur'ani ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Matan Ga da matan Zango sun san lokacin da ciwon ke zuwa tun kafin a san sunan furotin a nan. Ita Dakta Cicely ta ɗauki sanin nasu da muhimmanci, ta haɗa shi da abin da ta gani a ɗakin jinya.

Ba a karɓi maganarta da sauƙi ba. Wani babban likita a Landan, Hugh Stannus, wanda ya taɓa aiki a Nyasaland, Malawi ta yau, ya dage cewa ba sabuwar cuta ba ce, pelagra ce, wata cutar ƙarancin bitamin da aka daɗe da sani ga masu cin masara. Ta mayar masa da martani da hujjoji, tana jera bambancin cututtukan biyu ɗaya bayan ɗaya. Sai da aka yi kusan shekara ashirin kafin gaskiyarta ta tabbata a idon duniya. A 1952 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar da rahoton Brock da Autret a kan cutar a Afirka, da sunan nan na Ga a bangonsa. Daga baya hotunan yaran yaƙin basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970, suka sa duniya duka ta haddace kalmar. Masu bincike na yau sun gano cewa ban da ƙarancin furotin akwai hannun wasu abubuwa kamar yawan cututtuka da ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji, amma bayanin alamomin da ta yi a Akra yana nan daram.

Madarar gwangwani da kurkukun Changi

A 1936, bayan shekara bakwai da kuma saɓani da manyanta a wurin aiki, aka ɗauke ta daga nan aka tura ta Malaya. A Singafo ta tarar da wata masifar daban. A Akra ta yi amfani da madarar gwangwani da man hantar kifi wajen jinyar yaran da aka riga aka yaye. A can kuwa kamfanoni ne ke sa wa 'yan mata kayan nas suna bin gidajen talakawa suna tallar madarar gwangwani mai sukari a matsayin madadin nonon uwa ga jarirai sababbin haihuwa. Jarirai suka riƙa mutuwa da gudawa da tamowa. A 1939 ta tsaya gaban manyan 'yan kasuwa a kulob ɗin Rotary na Singafo ta yi jawabin da ta sa wa suna Madara da Kisan Kai, ta ɗora alhakin mutuwar jariran a kan masu wannan talla.

Tana aiki a jihar Terengganu, jihar Musulmin Malay, Japan ta kawo hari a Disamba 1941. Ta gudo Singafo, ita ma ta faɗi a Fabrairu 1942. Aka tsare ta a kurkukun Changi tare da sauran fararen hula, inda ta zama likitar mata da yara, har ta shugabanci sashen matan na wani lokaci. A Oktoba 1943 'yan sandan sojan Japan suka ɗauke ta bisa zargin leƙen asiri, suka tsare ta kusan wata biyar a wani ƙuntataccen ɗaki tare da maza, cikin yunwa da ƙazanta. Matar da ta yi suna a kan yunwar yara sai ga ta ta ɗanɗana yunwar a jikinta. Ta fito a rame, ga atini, ga ciwon beriberi na ƙarancin bitamin, wanda ya bar ta ba ta jin tafin ƙafarta sosai har ƙarshen rayuwarta. Abin da ta fi alfahari da shi daga wannan zama shi ne jarirai 20 da aka haifa a tsare, duka aka shayar da su nonon uwa, duka kuma suka rayu.

Bayan yaƙi, a 1948, ita aka fara naɗawa shugabar sashen lafiyar uwa da yaro a sabuwar Hukumar Lafiya ta Duniya. Daga 1951 zuwa 1953 ta koma Jamaika ta jagoranci bincike a kan wani ciwon amai da ke kashe yara, wanda aka gano yana da nasaba da cin ɗanyen ɗan itacen aki. Asalin itacen ma daga nan Afirka ta Yamma aka kai shi can, shi ne Hausawa ke kira gwanja kusa. Ta koyar a Landan, ta koyar a Jami'ar Amurka ta Bairut daga 1960, inda ta yi aiki da Falasɗinawa 'yan gudun hijira. A 1972 ta fitar da littafi a kan kula da lafiyar uwa da yaro tare da Dakta Derrick Jelliffe. Maganar da ta fara a Singafo kuwa ta yi 'ya'ya a 1981, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar tallan madarar jarirai. Gana ta mayar da ita doka a shekarar 2000.

A 1986 Jami'ar Gana da ke Legon ta ba ta digirin girmamawa, shekara hamsin bayan an ɗauke ta daga ƙasar. Ba ta taɓa aure ba. Ta rasu a Oxford ranar 13 ga Yuli, 1992, tana da shekara 98.

Awon da ta bar mana

Abin da ake yi yau a wajen awon yara ya bi sawunta. Nas ba ta tsayawa a sikeli kawai. Takan danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku, in ramin ya zauna bai ciko ba, wannan kumburin tamowa ne, kuma gaggawa ce ko nawa nauyinsa yake. Takan kuma zagaya tsakiyar damtsensa da tef. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ɗan Akra ya sani. Da can, jadawalin da ake gwada girman yaranmu da shi an gina shi ne a kan yaran Amurka, waɗanda da yawansu madarar gwangwani suka sha. Daga 1997 zuwa 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta auna yara kusan 8,500 a ƙasashe shida: Birazil, Gana, Indiya, Norwe, Oman da Amurka. Na Gana a nan Akra aka auna su, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Anna Lartey ta Legon. Aka zaɓi yaran da ke shan nonon uwa kuma suke cikin kulawa mai kyau, sai aka ga girmansu kusan ɗaya ne a duk ƙasashen. Daga nan jadawalin 2006 ya fito. Wato garin da aka fara bayyana kwashoko yana cikin garuruwan da yaransu suka zama ma'aunin lafiyar yaran duniya.

To, yaran da aka kai awo jiya su ne yau ke Legon da Kumasi da Tamale suna karatu, kuma su ma akwai nasu awon. Ana kiransa BMI. Wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya fito da lissafin a shekarun 1830, wani Ba'amurke, Ancel Keys, ya raɗa masa wannan suna a 1972. Yadda ake yi shi ne ka ninka tsawonka na mita da kansa, sannan ka raba nauyinka na kilo da abin da ya fito. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na manya, ƙasa da 18.5 rama ce, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama kuma ƙiba ce mai haɗari. Misali, ɗaliba mai tsawon mita 1.60, nauyinta na daidai yana tsakanin kilo 47 da 64. Saurayi mai mita 1.70 kuma, tsakanin kilo 54 da 72.

Wannan lissafi yana da amfani, amma raunin sikelin da Dakta Cicely ta nuna yana tare da shi. Bai san nama ba, bai san kitse ba, bai san ruwa ba. Saurayin da ke ɗaga ƙarfe a Nima na iya haura 25 alhali babu kitse a jikinsa. Wani kuma lambarsa na daidai amma kitsen duk ya taru a tumbi, wanda shi ne ke jawo ciwon sukari da hawan jini. Shi ya sa hukumar NICE ta Ingila ke ba da shawarar a haɗa da awon ƙugu: kada zagayen ƙugunka ya kai rabin tsawonka. Mai santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. Hukumar ta kuma ce ga baƙaƙen fata 'yan asalin Afirka a fara lura tun daga 23, saboda ciwon sukari kan kama mu da ƙaramin nauyi fiye da Turawa.

Na ga ya dace in faɗi wannan ɓaro-ɓaro saboda halin da muke ciki. Binciken lafiyar al'umma na Gana na 2022 ya nuna kusan rabin matan da ke tsakanin shekara 20 da 49 nauyinsu ya wuce kima, kuma a lokaci guda kusan yara 18 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. Sau da yawa gida ɗaya ne, uwa da ƙiba, ɗa da tamowa. Mu kuma a Zango har yanzu in mace ta yi jiki cewa muke hutu ya karɓe ta, in amarya ba ta ciko ba a fara tsegumi a kan mijin. Wannan ne ke tura 'yan mata, har da masu karatun jami'a, ga ƙwayoyin sha-ka-fashe. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su deksametason, suna tara ruwa da kitse a fuska da ciki, suna tayar da sukari da hawan jini. Fuskar ta cika, sikeli ya hau, a yi ta barka, alhali kumburi ne aka saya da kuɗi. A ɗaya gefen kuma ga ɗalibar da ke kwana da yunwa don lambar ta sauka, tana shiga aji jiri na ɗibarta.

Shawarata ga ɗalibanmu da iyayensu ita ce a yi awon, a rubuta lambar, sannan a bi ta da tambayoyin da wannan likita ta riƙa yi wa iyaye mata a asibitin Princess Marie Louise. Me ake ci tun safe har dare? Akwai wake, ƙwai, kifi, gyaɗa ko wagashi a ciki, ko kuwa koko da burodi da lemon kwalba ne kawai? Nauyin nan yaushe ya hau ko ya sauka, kuma me ya canja a lokacin? Abincin gina jiki ba sai mai tsada ba, ƙosai da ƙuliƙuli da shinkafa da wake duk a ƙofar gidanmu ake sayar da su. In kuwa ƙafa ta kumbura, ko ta yaro ko ta babba, ko nauyi ya zube ba dalili, a nufi asibiti a ranar, kada a tsaya sayen magani a kemis.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuriya.